Tudun Kakanni da Maeng Du-cheol Ya Sayar

Maeng Du-cheol ɗan baffana ne, kuma tun muna yara a ƙauyenmu na Solgol, can ƙasar Uiseong inda ake noman tafarnuwa, ba wanda ke kiransa da sunansa. Maza-maza ake ce masa. Ba ya jiran miya ta huce, ba ya jiran babba ya kai ƙarshen magana. Da ya girma ya koma birnin Daegu yana sayar da kayan gini, sai halin ya ƙara gaba, har ya zama duk wanda ya ce "bari mu yi shawara" baƙauye ne a wurinsa. Ba mugu ba ne, kuma wannan ne ya fi ba ni haushi. Da mugu ne da mun sa masa ido tun da wuri.

A bayan ƙauyen akwai tudun da zuriyarmu ke binne matattunta. Tudun na dangi ne gaba ɗaya. Amma tun zamanin kakanmu, da aka zo yi wa filaye rajista, sai dattawa suka sa sunan babban ɗa, kamar yadda gidaje da yawa suka yi. Daga kakanmu sunan ya koma kan baban Du-cheol, da shi ma ya rasu sai ya koma kan Du-cheol. Kowa ya san amana ce. Ba wanda ya taɓa cewa a rubuta hakan, domin a wurinmu neman takarda daga hannun ɗan'uwa zagi ne.

Kowace shekara, in bikin kaka na Chuseok ya matso, mazan dangi kan taru su hau tudun su yanke ciyawar da ta rufe kaburbura. Tsofaffi na gaba suna nuna wa matasa, wannan wane ne, waccan wance ce, domin banda manyan kakanni biyu na can sama, ba kabarin da ke da dutsen suna. Talakawa ne mu, a ka muke riƙe matattunmu. Du-cheol kan zo a makare da takalmi mai ƙyalli, ya tsaya a gindin tudu yana waya. Daga baya ma ya daina zuwa, sai ya aiko da kuɗin abinci.

Wata shekara Baffa Sang-gil, ƙanin ubanninmu, ya tare shi ya ce, "Kai Maza-maza, kuɗinka ne zai san inda ubanka yake kwance?"

Du-cheol ya yi dariya ya ce, "Haba Baffa, ai Baba ba tashi zai yi ya sauya wuri ba. Ku dai ku ci nama, ni na biya."

Mahaifiyarsa, Ok Sun-im, wadda muke kira Inna Babba, ita ce ta fi kowa sanin tudun nan. Tana yarinya aka kawo ta gidan babban ɗa, gidan da ba ya rabo da baƙi da girkin tunawa da kakanni. Surukarta, wato kakarmu, mace ce mai zafin harshe, kuma ko ni jikarta ba zan ɓoye wannan ba. Inna Babba ta yi mata bauta har ta rufe ido. Mijinta mutum ne shiru-shiru, iyakar abin da ya iya shi ne ya ɓoye mata busasshiyar kanya a aljihu ya miƙa mata a bayan rumbu. Duk zamansu ba su taɓa samun ɗaki su biyu kaɗai ba, kullum akwai yaro ko ƙanin miji ko tsohuwa a gefe.

Da mijin ya rasu, ta zare ɗaya daga cikin zobban azurfa biyu na aurenta ta sa masa a hannu kafin a rufe akwati, ta bar ɗayan a yatsanta. Sannan ta yi abin da ba ta taɓa yi ba, ta kafe a gaban mazan dangi cewa sai an binne shi can gefe, nesa da kabarin uwarsa. Aka yi mata yadda take so. Ta kuma sa aka tayar da wani tudun kabari a kusa da nasa, babu kowa a ciki, yana jiranta. Ɗakina take ce masa. In ta hau ta cire ciyawa, takan zauna a kansa ta huta, ta ce wa mijin, "Ka ƙara haƙuri, ina tafe."

Abin da ya biyo baya, wani na gani da idona, wani na ji a kotu, wani kuma matarsa Hye-ran ce ta gaya mini daga baya.

Wani kamfanin da ke shimfiɗa farantan sola ya sa ido a kan tudun, don yana kallon kudu. Dillalinsu ya duba rajista ya ga suna ɗaya, sai ya nemi Du-cheol. A lokacin Du-cheol ya ƙwallafa rai a kan wani sabon gida a bene mai tsawo, a unguwar masu hali ta Daegu, inda abokansa suka riga shi komawa. Dillalin bai ɓoye masa komai ba. Ya ce suna nasa ne, don haka hatiminsa kaɗai ya isa ciniki. Amma tsofaffin kaburbura doka ta tsare su, mai saye ba shi da ikon taɓa su. Saboda haka sharaɗin shi ne mai sayarwa ya kwashe su da kansa kafin ranar cika kuɗi, in ya kasa kuwa ya mayar da kafin alƙalami ninki biyu. Du-cheol ya buga hatimi a zaman farko, washegari ya zuba kafin alƙalamin a gidan bene.

Hye-ran ta tambaye shi, "Baban yara, ka gaya wa Baffa?"

Ya ce, "In na gaya masa sai a kira taro, taron ya haifi wani taro, a sha giyar shinkafa a yi kuka a watse. Sai na gama zan nuna musu. Za a ƙona ƙasusuwan kakanni, in sama musu wurin ajiyar toka, mai sanyi, mai tsabta, ba maciji ba yankan ciyawa. Gode mini za su yi."

"Inna fa? Ɗakinta?"

"Zan saya mata gurbi kusa da na Baba. Me ya bambanta?"

Shekarar akwai watan ƙari a kalandar wata, watan da tsofaffi ke cewa ba mai gadi a sama ko a ƙasa, don haka a cikinsa ake tayar da kabari, a cikinsa kuma ake ɗinka wa iyaye likkafani don su yi tsawon rai. Du-cheol ya zo ƙauye da likkafanin zaren rama mai tsada a cikin akwatin katako. Ina wurin, na rufe shagon taliyata na zo don in gani. Matan ƙauye suka taru suna shafa yadin suna cewa Sun-im ta haifi ɗa. Inna Babba ta rungume akwatin, idonta ya cika.

Ta ce, "To, yanzu komai ya kammala. Ga kayana, ga ɗakina kusa da ubanka. Ban da sauran damuwa."

Na kalli Du-cheol, na ga ya sunkuyar da kai yana danna waya. Na ɗauka kunyar yabo ce. Nan take ya sanar cewa ya biya wa Inna da Baffa Sang-gil da sauran tsofaffin dangi yawon buɗe ido zuwa tsibirin Jeju. Aka yi ta tafi. Ni ma na tafa, kuma har yau in na tuna sai in ji tafin hannuna yana yi mini zafi.

Da tsofaffi suka tafi, sai ya tarar da abin da bai lissafa ba. A watan ƙari kowa ke tayar da kaburburansa. Masu aikin na gaskiya, waɗanda ke tono da hannu su jera ƙashi a kan farar takarda su naɗe kowa daban, duk an riga an kama su. Wuraren ƙona gawa sun cika. Ofishin gunduma kuma ya ce kafin a ba da izini sai an faɗi wanda ke cikin kowane kabari, an kuma kawo yardar 'ya'yansa. Mai haƙuri da ya koma wurin dillali ya nemi ƙarin lokaci, ko ya cije ya faɗa wa dangi gaskiya. Du-cheol sai ya samo wani mai katafila wanda aka ce masa ba ya yawan tambaya.

Suka hau ta hanyar bayan tudu, inda ba a hango su daga ƙauye. Mai katafilar ya dubi kaburburan ya ce, "Shugaba, wane ne wane? Don in rubuta a akwatuna."

Du-cheol ya tsaya yana raba ido. Ciyawa da ƙaya sun tashi, tudun kaburburan duk iri ɗaya ne a idonsa. Babban jikan gidan Maeng, mai suna a rajista, bai san inda ubansa yake ba. Kuma duk waɗanda suka sani shi da kansa ya sa su a jirgi. Ko da suna nan ma, da wane baki zai tambaye su?

Ya ce, "Kai dai ka raba su daban-daban, ka sa lamba. Ina da alkawari a Daegu. Ka yi maza."

Ya shiga mota ya tafi. Mutumin da aka ce wa ya yi maza, aka kuma biya shi a jimlace, me zai sa ya wahalar da kansa? Ya kwaso duk abin da bakin katafila ya tono, ya zuba a duro, ya kunna gas a nan kan tudun. Da Du-cheol ya dawo, buhu ɗaya aka miƙa masa. A cikin buhun nan har da mahaifina.

Hye-ran ta ce ranar da ya dawo gida ko abinci bai ci ba. Amma ranar cika kuɗi ta matso, sai ya shafa wa idonsa toka. Ya sayi fararen tulunan tangaram, ya raba tokar da kofi, ya sa aka rubuta wa kowane tulu suna da ruwan zinare, ya kai su gidan ajiyar toka a bakin birni.

Ranar da tsofaffi suka dawo, motarsu na shan kwanar shiga Solgol, suka hangi tudun. An aske shi tas, jar ƙasa kawai. Baffa Sang-gil ya sauka ya zauna a tsakiyar hanya. Inna Babba ba ta yi kuka ba. Ta ce a kira mata ɗanta.

Ya zo da murmushin da ya shirya, ya kwashe mu zuwa gidan ajiyar. Wuri ne mai sanyi, ana sa kiɗa a hankali, tuluna jere a bayan gilashi da furannin roba. Yana ta bayani kamar mai tallan gida, cewa nan ba ruwan sama ba ɓeraye, kuma ga gurbin da ya kama wa Inna daidai kusa da na Baba, a layin da ido ke kaiwa, wanda ya fi tsada. Baffa yana huci, ni ina riƙe da hannun tsohuwa. Ta daɗe tana kallon tulun da ke ɗauke da sunan mijinta.

Ta ce, "Du-cheol, ina zoben?"

"Wane zobe, Inna?"

"Wanda ya ɗauko ubanka ya ga zobe a hannunsa. Irin wannan." Ta ɗaga yatsanta. "Ba ni shi in sa masa a ciki."

"Ai... wataƙila wuta ta cinye shi."

"Kana wurin?"

Ya kau da kai.

"Na ce kana wurin lokacin da aka ɗago ubanka? Ka sunkuya masa? Ka zuba masa ko kofi ɗaya na giyar shinkafa ka ce Baba, kada ka firgita, ƙaura za mu yi?"

Baffa Sang-gil ya matso ya ce, "Ɗan nan, dube ni. Nuna mini da baki, daga gindin tudu in ka hau, kabarin ubanka hagu yake ko dama?" Du-cheol ya ce dama. Hagu ne.

Daga can Baffa bai wuce ko'ina ba sai ofishin 'yan sanda. Ba a sha wahala ba wajen kamo mai katafila, shi kuma bai ga dalilin rufa wa kowa asiri ba. Ya faɗi maganar duro, ya faɗi maganar buhu. A aljihun motarsa aka sami zoben, ya yi baƙi, yana jiran ya samu mai saye.

Dangi suka haɗa kuɗi aka ɗauki lauya don a kwato tudun. Lauyar ta saurare mu har ƙarshe, sannan ta ce za a gwada amma kada mu sa rai. Kamfani ya sayi fili daga hannun wanda rajista ta nuna, kuma ba mu da shaidar cewa sun haɗa baki da shi don a cuci dangi. Baffa ya ce, "Amma duk ƙauye ya san na dangi ne." Ta ce, "Baba, ƙauye ya sani, rajista ba ta sani ba. Da kun sa sunan dangi tun da, ko kun haɗa sunaye uku ko huɗu, da hatimi ɗaya bai isa ba." Haka kuwa aka yi. Cinikin ya zauna. Shi kuwa Du-cheol kotu ta same shi da laifin cin amanar dukiyar dangi da tone kaburbura ba izini, aka tura shi gidan yari. Gidan benen da ya jawo duk wannan, ko kwana bai yi a ciki ba aka sayar don biyan diyya. Hye-ran ta kwashi yara ta koma wurin iyayenta.

An ba mu kasonmu na diyyar. Nawa yana banki, ban taɓa shi ba, don ban san me ake saya da irin wannan kuɗi ba.

Inna Babba ba ta taɓa zagin ɗanta ba, ko sau ɗaya, ba ta kuma ƙara ambatar sunansa ba. Ta goge zoben da toka har ya yi fari, ta mayar da shi yatsanta kusa da ɗan'uwansa. Ta juya shimfiɗarta ta daina kallon tagar da ke fuskantar tudu, inda farantan sola suka fara ƙyalli. Da sanyi ya shigo ta kwanta ciwo, ni nake zuwa jinyarta.

Wata rana da hantsi ina ba ta kunun shinkafa, sai na yi ƙarfin hali na ce, "Inna Babba, gurbin nan dai yana nan an biya. Ko ba komai akwai ɗan abin mijinki a cikin tulun. In lokaci ya yi, mu sa ki kusa da shi?"

Ta ture cokalin. Ta ce, "Gyeong-ja, ke ma ba ki da hankali? A cikin tulun nan har da kakarki. Har da ƙannen miji, har da matansu, har da tsohon da ban taɓa gani ba amma na yi ta dafa masa abinci kowace shekara. Tun ina yarinya nake cikin taronsu. Abu ɗaya na roƙa a duniya, in kwanta ni da mutumin nan mu biyu, ba mai kirana daga ɗaki. Yanzu ki kai ni ki ajiye a gefen gidan gaba ɗaya, in ci gaba da yi musu hidima?"

Ta yi wata 'yar dariya wadda ta fi kuka ciwo, sannan ta ce, "Ku sa ni inda ba kowa. Na gaji."

Kafin ƙanƙara ta narke ta rasu, ɗanta yana tsare. Mun sa mata likkafanin da ya saya, domin ta ce yadin mai kyau ne, kada a yi asararsa. Tokarta muka binne a gindin wata bishiya a maƙabartar gunduma, tsakanin mutanen da ba ta sani ba, da zobba biyu a tare da ita.

Du-cheol ya fito tun tuni. Yana aikin gadi a wani wurin ajiye motoci, kansa ya yi fari. Ba wanda ke kiransa taron dangi, don taron ma ya mutu, tun da ba tudun da za a hau. Amma duk shekara in Chuseok ya matso, yakan zo Solgol a motar haya da injin yankan ciyawa a kafaɗa. An kewaye tudun da waya, an kulle ƙofa, ba a barin kowa ya shiga. Sai ya bi gefen wayar ta waje yana yanke ciyawar bakin hanya, a hankali, a hankali, inda ba a taɓa binne kowa ba. Bara na wuce na gan shi ya tsaya ya riƙe wayar da hannu biyu yana leƙen ƙarƙashin farantan, ta ɓangaren hagu. Yanzu ya san hagu ne. Ban tsayar da mota ba.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, suna a takarda ba ya mayar da amana ta zama mallaka. Doka za ta iya barin hatiminka ya sayar da abin da ba naka kaɗai ba, amma ba za ta dawo maka da shi ba in ka yi nadama, kuma akwai abin da in an sayar ba diyyar da ke biyansa. Kafin ka sa hannu a cinikin fili ko gida, tsaya ka tambayi kanka wa ke da haƙƙi a wurin banda kai, ka faɗa musu gaskiya, ka kuma duba ko za ka iya cika sharaɗin da kake ɗauka ba tare da ka yi abin kunya ba. Cinikin da sai ka ɓoye wa mahaifiyarka kafin ya yiwu, ka bar shi. Su kuma dangi, kada kunya ta hana su rubuta abin da kowa ya sani tun masu sanin suna raye. Mu mun ji kunyar neman takarda daga hannun ɗan'uwa, yau ga shi ba mu da tudu, ba mu da kabarin da za mu nuna wa 'ya'yanmu, ba mu da ɗan'uwan.